Mai Ƙugi Ya Rasu da Shinkafar Inna Saude a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushin da ke cikinta ya ma fi baƙin cikin yawa, iyalan marigayi Alhaji Abba Mahauci na Talata Mafara, a madadin ɗansu Malam Yahaya, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun, da matan Morai da na Dakko da na Jangebe masu turara shinkafa, rasuwar dattijo mai amana, injin casar shinkafa da kowa ya sani da Mai Ƙugi. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a rumfarsa ta bayan kasuwa, yana da shekara ashirin da bakwai a bakin aiki. A sanarwa irin wannan an saba a ce bayan gajeriyar rashin lafiya. To, a nan ba za a faɗi haka ba, domin ƙarya ce. Lafiyarsa lau, ko tari bai yi ba. Yana tsakiyar aiki aka yanke masa wuta daga wani ofishi mai sanyi, kuma wanda ya yanke ɗin bai taɓa ganinsa da ido ba.

Alhaji Abba ne ya kawo Mai Ƙugi garin nan a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Shi Alhaji mahauci ne mai turken shanu, kuma abin da ya sa ya sayi inji tun farko dusa ce, don bajimansa su ƙoshi kafin Babbar Salla. Amma ranar da aka kafa shi, ya kira ɗansa Yahaya, ya ɗora masa hannu a kan murfin, ya ce, “Wanga ƙarhe ba shi da Lahira, kai kana da ita. Duk ƙwarar da ta shiga kwanon da ba nata ba, kai za a tambaya.” Wannan magana ita ta zama dokar rumfar, kuma a kanta aka yi shekara ashirin da bakwai.

Ga yadda ake yi, don waɗanda suka yanke hukunci ba su sani ba su ji yanzu. Mace za ta zo da shinkafarta da ta turara ta shanya, kwano uku ko biyar ko goma. Malam Yahaya zai juye a bakin inji, Mai Ƙugi ya ɗauka da muryarsa, gurrr, gurrr, har a ji shi daga mahauta. In tata ta ƙare, sai ya kashe injin ɗungurungum. Ya buɗe 'yar ƙofar ƙasa, ya sa tsintsiya ya share rariya, ya ƙwanƙwasa gefen da sifana sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, 'yan ƙwayoyin da suka maƙale su zubo. Ya haɗa mata shinkafarta, ya haɗa mata dusarta, ya ce, “An gama taki.” Sannan ya tayar wa ta bayanta. A rana sai a yi haka sau arba'in, ranar Talata ma ya fi. Mai farar shinkafa ta tafi da fararta, mai ja ta tafi da jarta, kuma ba a taɓa jin mace biyu sun yi cacar baki a kan awo a wannan rumfa ba.

Marigayi ya kasance mai haƙuri. Ya sha gas mai ruwa bai yi yaji ba. An ɗaura masa bel ɗin da aka yanko daga tsohuwar taya, ya karɓa. Shekarar da ruwa ya shiga kasuwa ya kwana biyu a tsaye cikin laka, aka goge shi aka shafa masa giris, ya tashi da ƙuginsa kamar ba shi ba. Ba ya karya ƙwaya sai in mai ita ta shanya ta ta wuce kima, shi ma sai ya canza murya ya yi wani ƙeƙeƙe, Malam Yahaya ya ji ya sassauta masa wuƙa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son a yabe shi. Wannan ma gaskiya ba aibinsa ba ne, na mai shi ne. Malam Yahaya na tsoron baki ƙwarai. Duk baƙon da ya tsaya ya ce kai, wanga inji yana aiki, sai ya yamutsa fuska ya ce, “Ina! Tsoho ne, lallaɓa shi mukai. Yau lahiya, gobe ciwo.” Yana faɗa yana shafa murfin ta ƙasa inda baƙon ba ya gani. Duk Mafara an san wannan ƙarya ce ta ƙauna, ba mai ɗaukarta da gaske.

Ciwon ajali ya shigo ne ta ƙofar taimako. Da gas ya yi tsadar da ya gagari masu ƙananan injuna, sai wani kamfani da ya gina babbar masana'antar shinkafa a hanyar Bakura ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya sayi rumfuna goma sha biyu tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, ya cire wa injunan casar abin da ke juya su da gas ya sa musu na lantarki, ya bar kowa a rumfarsa a matsayin ma'aikaci. Malam Yahaya ya yi ta jan ƙafa har wata uku. Daga baya ya duba layin matan da ke komawa gida da shinkafa a ka don babu mai, ya sa hannu. Ranar nan bai ci tuwon dare ba.

Ba a jima ba aka turo Injiniya Hikima, 'yar wani malami ce daga Maradun, mai ladabi, ta gaishe shi har ƙasa. Ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya da kasuwa, sannan ta ciro wani ɗan akwati baƙi ta ɗaure a ƙirjin Mai Ƙugi. Ta ce akwatin zai riƙa ƙirga motsin injin yana aika wa babbar kwamfuta ta kamfani, bayan wata shida a ga waɗanda suka fi aiki a riƙe su. A jikin akwatin akwai madanni uku. Duk lokacin da inji ya tsaya, ba zai sake tashi ba sai an danna ɗaya an faɗi dalili. Rawaya, babu wuta. Kore, babu aiki. Ja, inji ya lalace. Kafin ta tafi ta tambaye shi, “Baba, ya lafiyar injin naka?” Malam Yahaya ya dubi baƙuwa da biro a hannu, ya yamutsa fuska yadda ya saba. “Ɗiyata, tsoho ne. Lallaɓa shi mukai.” Ta rubuta.

Jama'a, a tsaya nan a yi adalci. Washegari da safe Malam Yahaya ya gama wa Batulu ta Dakko shinkafarta, ya kashe inji, ya share, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya zo tayarwa, inji ya ƙi. Akwati na ƙyafta ido yana jiran dalili. Ya tsaya da yatsa a sama. Rawaya ƙarya ce, ga wuta nan. Kore ƙarya ce mai kunya, ga mata goma sha ɗaya a zaune a kan buhunansu. Saura ja. Ya yi tunani ya ce, to, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana aiki ai ba ya rasa ɗan ciwo a jiki, wannan ita ce ba ƙarya ba gaba ɗaya. Ga shi kuma in can ofis wani mai baki yana kallo, gara ya ga ciwo da ya ga lafiya. Ya ce bisimilla ya danna ja, Mai Ƙugi ya tashi. Wanda ya ƙera akwatin nan ya san wuta, ya san kasuwa, ya san lalacewa. Bai san akwai ƙasar da mutum ke kashe inji don kada ƙwayar wata ta faɗa kwanon wata ba, kuma bai zo ya tambaya ba.

Haka aka yi wata shida. An gama taki, ja. An gama taki, ja. A yi kiran Azahar a kashe inji, a dawo daga masallaci, ja. A lissafin kwamfuta, Mai Ƙugi ya lalace sau dubu shida da ɗari biyu da goma sha ɗaya. Haba! Ko jaki aka ce wa inji ya lalace sau arba'in a rana kuma kullum yana tashi cikin minti biyu, ai ya ɗaga kunne ya ce a je a gani. Amma ba wanda ya hau babur ya yi tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba. Mutanen da suka yi digiri bisa digiri suka zauna suna kallon jan layi yana hawa a bango suna kaɗa kai.

A can Bakura kuwa akwai Kamilu, shi ma rumfarsa na cikin goma sha biyun. Kamilu ba ya kashe inji. Ta Hadiza na fita ta Naja'atu na shiga a bayanta, fara da ja da tsakuwa duk a tafi tare, in an gama ya raba da ido, wadda ta yi ƙorafi ya ce ta kai wani wuri. Injinsa sau biyar yake tsayawa a rana. Shi kwamfuta ta ɗora a kan gaba. An kira shi masana'anta an ba shi takardar yabo da hula mai tambarin kamfani, an ɗauke shi hoto yana dariya. Mai Ƙugi ya zo na goma sha biyu cikin goma sha biyu. Allah wadaran lissafin da zai duba rumfunan nan biyu ya ce ta Kamilu ce mai lafiya.

Yanzu ga yadda ajalin ya sauka. Ranar Lahadin nan, ta bakwai a layi ita ce Inna Saude ta Morai, tsohuwa ce da ta kai saba'in, ta zo a bayan babur da ƙullin kwano shida a cinya. Jar shinkafa ce irin ta da, wadda yanzu ba kowa ke shuka ta ba. Ɗanta na fari, Malam Mubashir, shi ya shuka ta, shi ya yi mata noma, ya yanke ta ya kai gida, sannan zazzaɓi na kwana uku ya ɗauke shi. Ranar kwanansa talatin ke nan da rasuwa. Kwano shidan nan su ne abin da ya rage bayan an fitar da iri, kuma ta yi niyyar dafa su sadaka ranar arba'in ɗinsa. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, ko yanzu da ba ya duniya. Da Malam Yahaya ya yi mata gaisuwa ya ƙara yi mata ta'aziyya, abin da ta ce kawai shi ne, “Yahaya, ka bi ta a hankali. Mai gonar da hannunshi ya shuka ta.”

Ya share rariya sau biyu kafin ya juye. Mai Ƙugi ya ɗauka, gurrr, gurrr, jar shinkafa na zubowa tas a kwarya. Kwano huɗu sun fito. Sai murya ta sauka, gurrr, gur, gur, ta yi wani dogon numfashi, shiru. Malam Yahaya ya duba waya, ya duba fitilar rumfa, tana ci. Ya danna ja, shiru. Ya danna rawaya da kore da bai taɓa taɓawa ba, shiru. Ya ce wa Inna Saude ta yi haƙuri, kwano biyu na cikin ganga, bari ya kwance murfi ya kwaso mata. Ya sa sifana a noti na farko ke nan sai ga mutum biyu na kamfani a kan babur, da takarda da kwaɗo. Suka ce daga wannan minti rumfa da duk abin da ke cikinta kayan kamfani ne da aka yanke wa hukunci, ba a taɓawa. Ya nuna musu tsohuwar. Ya ce minti goma kawai. Suka ce su 'yan aike ne. Suka zagaya murfin da waya suka matse da darma, suka ɗauki hoto, suka fitar da kowa suka garƙame ƙofa.

A shekara ashirin da bakwai, wannan ce rana ta farko da mace ta bar rumfar nan ba a ce mata an gama taki ba. Malam Yahaya ya tsaya a rana da sifana a hannu, kunya ta hana shi duban Inna Saude. Ita ce ma ta ce masa, “Ba komi, Yahaya. Tana nan ciki ai, ba ta tahi ko'ina ba.” Ta ɗaure kwano huɗunta ta hau babur.

Kada wani ya ce bai bi hanyar lalama ba. Litinin da sassafe ya auno kwano uku na shinkafar gidansa, mai kyau, ya kai Morai da kansa. Inna Saude ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Ta buɗe ƙullin ta duba, ta mayar ta ɗaure, ta turo masa. “Allah shi yi maka albarka. Amma ba shinkafa nika nema ba, shinkafa ta cika kasuwa. Wagga da ka kawo, wa ya shuka ta?” Malam Yahaya ya miƙe ya yi mata sallama. Ya ɗauko ƙullinsa ya dawo, idonsa ya yi ja wur.

Talata ya tafi masana'anta. Wuri ne da mutum zai shiga ya riƙe baki. Tirela na juye shanshera, shinkafar da ba a casa ba, ta wannan gefe, ta can gefe buhuna na fitowa a ɗinke, babu hannun da ya taɓa. Akwai wata na'ura mai ido da ke duban kowace ƙwaya tana wucewa, duk wadda ba fara ba ta hure ta gefe. Malam Yahaya ya leƙa buhun da ake tara hurarrun, ya ga jar shinkafa ce fal, irin ta Morai. Ya tambaya, aka ce wannan datti ne, abincin kaji ake yi da shi. Aka kuma gaya masa ba sa karɓar aikin da bai kai buhu hamsin ba. Allon bango na nuna motar da za ta Gusau da wadda za ta Sakkwato da minti nawa kowacce ta yi a hanya. Sun san inda kowane buhu yake a faɗin jiha uku, amma ba su san akwai kwano biyu na wata tsohuwa a bayan kasuwar da ke kusa da su ba.

Manaja ya karɓe shi da fara'a, har da ba shi kujera. Ya ce, “Baba, wallahi ba ni na kashe injinka ba, na'ura ce ta yanke.” Malam Yahaya ya ce to a kai shi wurin na'urar ya yi mata bayani. Manaja ya yi dariya, ya ce ai ba a magana da ita. Ya ce amma kamfani bai manta da shi ba, an ware masa aikin gadin ƙofar masana'anta daga ɗaya ga wata, da albashi da riga, muddin takardarsa ta zauna babu tabo. Ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa kwaɗo ko darmar kamfani, ba aiki, kuma sai abin da hukuma ta ce. Malam Yahaya na da mata da 'ya'ya bakwai, kuma ban da casa babu sana'ar da ya iya. Ya ji wannan magana sarai, ta kuma zauna masa a ƙirji.

Laraba sai ga Injiniya Hikima ta zo har gida. Ta ji labari wajen matan Maradun, ta koma ta buɗe lissafin da kanta, ta ga kowace lalacewa minti biyu ce, kuma ranar Talata ta fi yawa. Ta durƙusa a zaure ta ce, “Baba, mi ya hana ka gaya mini? Da ka ce mini share wa mutane kakai, da na ƙara madanni na huɗu.” Ya dube ta ya ce, “Ɗiyata, kin tambaye ni lahiyar inji. Ba ki tambaye ni yadda nika aiki ba. Ni kuma ban san ana tambayar mutum mi ya sa bai ci haƙƙin wani ba.” Ta rubuta wa manyanta takarda mai shafi uku. A sanarwar nan ba a ɗora mata laifi, ita kaɗai ce ta taka ƙafa ta zo. Amsar da aka ba ta layi ɗaya ce, wai an riga an rufe lissafin wancan zango.

Alhamis mutanen kamfani suka zo da sikeli suka auna gawar, aka sayar wa Alhaji Nagode mai gwangwan, wanda zai kai ta inda ake narka ƙarfe. Malam Yahaya ya roƙi a buɗe murfi a gaban kowa kafin a auna, aka ce babu wannan a takarda. Bayan an auna ya sake roƙo, aka ce yanzu kuma ai an riga an shigar da nauyi, kilo ɗari huɗu da goma sha biyu, in aka cire wani abu lamba ba za ta yi daidai da ta kwamfuta ba. Ku ji fa! An sayar da gumin marigayi Malam Mubashir a farashin ruɓaɓɓen ƙarfe, kuma wai ba za a fitar ba don kada lamba ta ji ciwo. Shi kansa Alhaji Nagode sai da ya ce subhanallahi, ya ce shi ba ya son ƙarfen da ke da haƙƙi a ciki, amma sharaɗin da aka ba shi ya ɗauka da darmarsa a jiki.

Tun ranar Malam Yahaya ba ya iya zama wuri ɗaya. Abin da ya fi cin ransa ba kamfani ba ne, babban yatsansa ne. Sai ya zauna ya yi ta dubansa. Da wannan yatsa ya shaida wa baƙi sau dubu shida cewa Mai Ƙugi ba shi da lafiya, don ya kare shi daga baki, ga shi nasa bakin ne ya kama shi. Kullum bayan La'asar yakan je ya leƙa ta hudar ƙofar rumfa. Ɗan akwatin na nan a ƙirjin gawa, yana da batirinsa, har yau yana ƙyafta ido yana jiran a faɗa masa dalilin tsayawar ƙarshe.

Marigayi ya rasu ya bar sifana ɗaya mai lamba goma sha bakwai, da tsintsiyar da ta cinye rabi, da bel biyu a rataye. Ya bar bajimai a turakun mahautan Mafara da suka saba da dusarsa mai ɗumi. Ya bar mata fiye da ɗari biyu, cikinsu akwai Batulu ta Dakko da Taiba ta Jangebe da Umma mai dafa-duka ta bakin tasha, waɗanda yanzu zaɓinsu biyu ne, ko su hau babur zuwa Bakura Kamilu ya cakuɗa musu ya raba da ido, ko su sayar wa masana'anta shanshera su sayo farar da ba su san gonarta ba. Ya bar Malam Yahaya, wanda ya shiga rumfar nan da baƙin gemu. Ya kuma bar amanar kwano biyu a cikinsa, wadda ba da son ransa ya tafi da ita ba.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Motar Alhaji Nagode za ta zo ɗaukar gawa ranar Talata mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, an san addini a gidan nan. Amma ba a fita da gawa da kayan mutane a jikinta. Don haka da ƙarfe takwas na safe, a sarari ba a ɓoye ba, a ranar kasuwa da idon kowa, Malam Yahaya ɗan Alhaji Abba Mahauci zai fasa kwaɗon rumfa, ya tsinke darma, ya kwance murfi da sifanarsa. Zai share rariya, ya ƙwanƙwasa sau uku. An aika wa Manaja kwafin wannan sanarwa don kada ya ce bai ji ba. In zai zo da 'yan sanda, ana roƙonsa ya zo da su a kan lokaci, su tsaya daga gefen inuwa, aikin minti goma ne. Rigar gadi kuma a ba wani, matar Malam Yahaya ta riga ta ji, ta ce ya je ya fasa. Ɗan akwatin da ke tambayar dalili, Malam Yahaya ba zai danna masa komai ba. Wanda ya yanke wutar ya zo ya danna da nasa yatsan.

Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo goro, kada su kawo kuɗi. Mata su zo da faifai, domin abin da zai fito rabi a cashe yake rabi da ɓuntunsa, sai an surfa a turmi an sheƙe. Inna Saude za ta zo da kwaryarta ta zauna inda ta zauna ranar Lahadi, ta bakwai a layi, har a ce mata an gama taki.

Daga nan, washegari Laraba bayan sallar Azahar, za a yi addu'ar arba'in ta Malam Mubashir manomi a ƙofar gidansu da ke Morai. Shi ba a buga masa sanarwa ba lokacin da ya rasu, to ga ta nan yanzu. Ya rasu yana da shekara arba'in da huɗu, ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya biyar. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Za a raba sadakar jar shinkafar da ya shuka da hannunsa, kwano shida cif.